Wa Ke Tsara Layi A Cikin Kwamfuta?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Magamar Jibiya, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a duba takardunsu kafin su tsallaka Ɗan Isa. A ce littafin rajista ɗaya ne, masu buƙata kuwa rututu. In kowa ya sa hannu ya rubuta a lokaci guda, ai lissafi ya dagule.

Irin wannan matsala ce ke damun masu rubuta manhajar kwamfuta yayin da ayyuka da yawa suka taru a kan abu guda. A 1995 Greg Lavender da Douglas Schmidt, masana a Amurka, suka bayyana wata dabara da za mu kira "abu mai cin gashin kansa". Watau a raba neman aiki da yin sa. Mai nema ba ya taɓa littafi. Wakili ne ke karɓar buƙatarsa, ya sa ta a layi, ya ba shi rasit, shi kuwa ya ci gaba da harkarsa. Can ciki akwai mai tsara layi, wanda ke miƙa wa ma'aikaci buƙatun ɗaya bayan ɗaya. In aiki ya kammalu, sai a kawo rasit a karɓi amsa. Tun da hannu ɗaya ke rubutu, littafi ba ya buƙatar kwaɗo.

Dabara ce mai kyau, muna so ɗalibanmu su ƙware a kanta. Amma abin da ya dame mu shi ne mai tsara layin nan. Wa zai riga? Wanda ya fara isowa, ko mai tumatir da kayansa ke ruɓewa? In aka ce kullum mai gaggawa ne gaba, to mai siminti zai tsufa a layi, domin tumatir ba ya yankewa. In aka ce sai wanda ya fara zuwa, mai tumatir ya yi asara. Wannan hukunci ne na mulki, bai kamata a bar wa mai rubuta manhaja shi kaɗai ba.

Yanzu da takardun kwastan suka koma kwamfuta, ƙa'idar da dā direba ke ji daga bakin ma'aikaci, har ya yi gardama, tana iya ɓuya inda ba zai taɓa ganin ta ba. Saboda haka, ya ku matasan ma'aikata, kada ku sa hannu a karɓi wata manhaja sai an rubuto muku ƙa'idar layinta ɓaro-ɓaro, an fassara ta da Hausa, an manna a ƙofar ofis.