Mamatan Anka da Bukkuyum da haƙƙin 'yan sa-kai

Daga ranar 4 zuwa 6 ga Janairun 2022, 'yan bindiga a kan babura suka auka wa ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ciki har da Kurfar Danya da Rafin Gero da Barayar Zaki, suna harbi suna cinna wa gidaje wuta. Harin ya zo ne kwanaki kaɗan bayan jiragen yaƙi sun yi luguden wuta a dazukan gabashin Zamfara, kuma a cikin makon ne Gwamnatin Tarayya ta fitar da takardar da ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. Gwamnatin jihar, a ƙarƙashin Bello Matawalle, ta ce mutum 58 aka kashe. Mutanen ƙauyukan, waɗanda suka haƙa kaburburan, sun ce adadin ya kai 200, ministar jinƙai ta lokacin, Sadiya Umar Farouq, ita ma ta faɗi haka, ta ƙara da cewa sama da mutum 10,000 sun rasa matsuguni.

Tazarar da ke tsakanin 58 da 200 ba ta lissafi ba ce kawai. Duk wanda ya faɗo daga ƙidayar hukuma, to matarsa da ta yi takaba da marayunsa sun faɗo daga jerin masu samun tallafi. Don haka wannan jarida take ganin farkon karramawa shi ne a rubuta sunaye. Aikin bai fi ƙarfin masarautun Anka da Bukkuyum ba: mai unguwa ya san gidan da aka yi rashi, liman ya san wanda ya sallata, dagaci da hakimi sun san hanyar da labari ke bi ya isa fada.

Al'adar yankin ba ta san kafa mutum-mutumi ko ajiye furanni ba. Abin da ta sani shi ne addu'a da ta'aziyya da sadaka, sai kuma riƙon maraya. Idan ƙasa ta keɓe 15 ga Janairu don tuna sojojinta da suka kwanta dama, ya dace Zamfara ta keɓe rana a farkon watan domin a yi wa waɗannan bayin Allah addu'a a masallatan Juma'a, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar kuma ta ɗauki nauyin karatun 'ya'yansu bisa rajistar da masarautu suka tantance.

A cikin waɗanda aka binne akwai 'yan sa-kai, manoman da suka tari masu AK-47 da bindigar toka. Tarihinsu ba fari ƙal ba ne. An zargi wasunsu da kashe Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba, abin da ya ƙara rura wutar ramuwa, ya kuma sa hukuma ta haramta ƙungiyar a baya. Wanda ya yi haka shari'a ce makomarsa. Amma laifinsa ba zai shafe sadaukarwar wanda ya tsaya a bakin gari har iyalin maƙwabcinsa suka tsere ba. A ranar 31 ga Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, su sama da 2,600, don a shigar da wannan aiki cikin tsari. Tsarin zai cika ne idan alawus yana zuwa a kan kari, an kula da wanda ya ji rauni, an kuma rubuta abin da iyalin mamaci za su karɓa.

Sai haɗarin da ke zuwa musu daga sama. A Janairun 2025 jirgin yaƙi ya jefa bam a ƙauyen Tungar Kara, ya kashe mutum aƙalla 16, cikinsu har da askarawa da 'yan sa-kai da suka fito bin sawun 'yan bindiga. Matuƙi ba ya iya bambance ayarin babura na ɓarayi da na masu kare gari sai in an sanar da shi daga ƙasa. Wajibi ne kowane sansanin askarawa a Anka da Bukkuyum ya samu na'urar sadarwa da jami'in da ke haɗa shi kai tsaye da rundunar sojin sama kafin a fita sintiri.