Kalmar “canza”: baƙuwa ce ko ’yar gida?

Wasu masu kishin Hausa kan ja kunnen ɗalibai su daina rubuta “canza”, su koma ga “sauya”, wai domin ta farkon Turanci ce. A ganina wannan hukunci ya yi tsauri, kuma tarihin kalmar bai goyi bayansa ba.

Gaskiya ne “canza” da “canji” sun fito daga aikatau na Ingilishi “change”. Sai dai shi ma Ingilishin aro ya yi. Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci sun kwarara cikin harshen, har da “changier” ta tsohon Faransanci, wadda ita ma ta samo asali daga “cambiare” ta Latin. Ke nan Bahaushe ya ari abin da mai shi ma aro ya yi.

Wannan ya sa lamarin Garwa da Pitowa, a arewacin Kamaru, ya zama abin lura. A can Faransanci ne harshen makaranta da ofis, Fulatanci kuma shi ne na cuɗanya, kuma Faransanci na da “changer”, ’yar’uwar ta Ingilishi. To, ta wace ƙofa kalmar ta shigo bakin Bahaushen da ke cin kasuwar Pitowa? Ma’anarta ce ke tona asiri. Idan mai saye ya miƙa jaka guda ta sefa ya ce “ba ni canjina”, ragowar kuɗinsa yake nufi. Ingilishi na da wannan ma’ana. Bafaranshe kuwa “monnaie” yake cewa a nan. Saboda haka na fi karkata ga cewa daga Nijeriya ta tsallako, tare da fatake da ’yan canjin naira.

Abin da ya fi muhimmanci ga ɗalibi shi ne yadda kalmar ta bi ƙa’idar Hausa sau da ƙafa. Muna cewa ya canza riga, ya canzo kuɗi, halinsa ya canzu, tana canzawa. Waɗannan sigogin aikatau na Hausa ne tsantsa, babu Baturen da zai gane su. Wasu ma “canja” suke cewa, kuma duka biyun karɓaɓɓu ne.

Ban ce a yar da “sauya” ba. A rubutun adabi takan fi armashi, kuma “musanya” na da gurbinta inda ake ba da wani abu a karɓi wani. Amma gwada ce wa mai tebur a Pitowa ya ba ka “sauyinka”, ka ga irin kallon da zai yi maka.