Ɗan Koyo Ma Ya Cancanci Takarda

Jama'a, ku dubi wannan al'amari. Yaro ya shekara bakwai a garejin makaniki, hannunsa ya faɗa, amma ran ɗaukar ma'aikata sai a ce, ina takardarka? A sallame shi, a ɗauki wanda bai taɓa riƙe sifana ba.

A Ingila tun 2015 suka kama hanyar gyara. Yaro na aiki a kamfani ana biyansa albashi, yana kuma karatun jami'a, bayan shekara uku zuwa shida ya karɓi digiri, bai biya makaranta ko anini ba. Kuɗin fa? A 2017 aka aza wa manyan kamfanoni haraji, rabin fam cikin kowane fam ɗari na albashin da suke biya.

Mu ma muna da asusun horar da ma'aikata, ITF, tun 1971, kamfanoni suna zuba kuɗi. To, muna neman a buɗe wa yaran Panteka ta Kaduna da ire-irensu hanya daga bakin aiki har digiri. Ɗan talaka ba ya iya ajiye guduma shekara huɗu, da ita gidansu ke cin tuwo.

Duk mai neman ƙuri'arku, ku tambaye shi wannan.