Ɗan da Ya Ce "To, Baba" Bai Je Gona Ba



A Matiyu 21:28-32 Yesu ya ba da misalin uba mai 'ya'ya biyu. Ya aiki na fari gonar inabi, ɗan ya ƙi, amma daga baya ya sake tunani ya tafi. Ya aiki na biyu, wannan ya amsa da ladabi, sai dai ko hanyar gonar bai kama ba. Da a ce muna tsakar gidan da safiyar nan, wa za mu yaba? Mu faɗi gaskiya, na biyun za mu kira mai tarbiyya. Amma da yamma ta yi, gonar ce ta nuna wanda ya yi nufin ubansa.

Mu masu bi muna saurin yarda da wanda ya iya harshen majami'a. In mutum ya iya jan addu'a, ya haddace ayoyi, yana cewa "Allah ya gaya mini", sai mu miƙa masa zuciyarmu, kuɗinmu, har da shugabanci. Littafi Mai Tsarki kuwa yana koya mana mu jira mu ga aikinsa.

Mu tuna da Yahuza Iskariyoti a Betanya. Da Maryamu ta shafe ƙafafun Yesu da turare mai tsada, Yahuza ya ce da an sayar da shi dinari 300 an ba matalauta. Dinari ɗaya ladan yini guda ne na ma'aikaci, ke nan kuɗin ya kusa na shekara. Duk wanda ya ji wannan magana zai ce ga mai tausayin talakawa. Amma Yohanna 12:6 ya tona asirin: jakar kuɗi tana hannunsa, yana kuma ɗiba daga ciki. Haka Absalom a 2 Sama'ila 15. Yakan yi sammako ya tsaya a hanyar ƙofar birni, ya gaya wa kowane mai ƙara cewa shi ne mai gaskiya, ya rungume shi ya sumbace shi. Ashe gadon sarautar ubansa Dawuda yake hari, kuma romon bakansa ya jefa ƙasar cikin yaƙi.

Wani zai ce, ai Yesu ya hana mu yanke wa mutane hukunci. Gaskiya ne, a farkon Matiyu 7 yake. Amma a cikin wannan sura ɗin ya gargaɗe mu game da annabawan ƙarya, ya ce da irin 'ya'yan da itace ya haifa za a gane shi. Hukuncin ran mutum na Allah ne, shi kaɗai yake ganin zuciya. Lura da halin mutum kafin mu ba shi amana kuwa aikinmu ne. Shi ya sa Manzo Bulus ya umarci Timoti a fara gwada masu hidima kafin a ba su aiki.

A shekarunmu na hidima mun sha zama da 'yan mata suna kuka saboda saurayin da ya zo da sunan wahayi, ya tafi ya bar su da kunya. 'Yar'uwa, kafin ki amsa, dubi yadda yake yi wa mahaifiyarsa magana, ko yana biyan bashi, ko yana mutunta jikinki in kun keɓe. Ɗan'uwa, wanda ya ce ka kawo jarinka zai ninka maka cikin wata ɗaya domin ku 'yan ikkilisiya ɗaya ne, tambayi waɗanda suka riga ka ba shi. In lokacin zaɓen shugabannin zumunta ya zo, mu tambayi kanmu wa ke zuwa share majami'a ranar Asabar, wa ke ziyartar marasa lafiya, wa ya dawo da canjin kuɗin taro cif. Gani ya kori ji.

Mu kuma yi hattara, aiki ma ana yinsa don idon jama'a. Hananiya da Safiratu sun sayar da fili sun kawo kuɗi gaban manzanni, amma ƙarya ce a ƙarƙashin baikonsu. Saboda haka aikin da ya fi nuna zuciya shi ne wanda aka daɗe ana yi, a inda babu mai tafi.

Kafin mu ɗora kowa a wannan ma'auni, mu fara hawa da kanmu. Sau nawa muka ce wa ɗan'uwa "ina yi maka addu'a" ba mu yi ba? Alkawari nawa muka ɗauka ranar godiya ba mu cika ba? Yakubu 2:15-17 ya ce sallamar mayunwaci da fatan alheri, hannu wofi, matacciyar bangaskiya ce. Ta wurin alheri aka cece mu, amma alherin da ya shiga zuciya yakan fito a hannu.

Ga ta'aziyyarmu: ɗan da ya ƙi da safe an karɓe shi domin ya tuba ya tafi. A wannan mako kowannenmu ya tuna alkawari ɗaya da ya yi wa Allah ko wani mutum, ya je ya cika shi.

Ya Uba, ka ba mu idon ganewa, ka kuma sa ayyukanmu su yi daidai da bakinmu, cikin sunan Yesu. Amin.