Gyaran Birki A Gida: Sai An Yi Hattara

Tun bayan janye tallafin man fetur da barin Naira ta nemi darajarta a kasuwa a shekarar 2023, kuɗin kula da mota ya zame wa ma'aikata ƙarfen ƙafa. Wannan ya sa wasu masu motoci, ciki har da 'yan boko da ba su taɓa riƙe sifana ba, suka soma canza takalman birkin gaba da faifansu da kansu a gida, suna bin bidiyon YouTube mataki-mataki.

Ba mu ga laifin wannan himma ba. Wanda ya san cikin motarsa ba a cika yi masa rufa-ido a gareji ba, kuma aikin bai fi ƙarfin mai natsuwa ba. Sai dai birki ba fitila ba ne ko madubi. Idan direba ya taka, nauyin mota gaba yake komawa, shi ya sa birkin gaba ke ɗaukar kaso mafi tsoka na aikin tsayarwa. Kuskure a nan rai yake ci, kuma ba lallai ran mai gyaran ba: yana iya zama na iyalinsa, ko na ɗalibin da ke tsallaka titi.

Saboda haka akwai ƙa'idojin da ba a sassauci a kansu. Kada a dogara da jak kaɗai. A ɗora motar a kan matokaran ƙarfe, a fili mai tauri, a kuma tare tayoyin baya. A canza hagu da dama tare, domin kada motar ta riƙa fizga gefe guda. Takalmin da kaurinsa ya ragu zuwa milimita 3 lokacinsa ya yi. Shi kuwa faifai, akasari akan buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa; a auna, kada a yi kirdado. A goge man da masana'anta ke shafa wa sabon faifai don hana tsatsa. Kada a bar maƙalin takalman yana reto a jikin tiyon man birki. A ɗaure notuna gwargwadon ƙarfin da littafin motar ya faɗa.

Abin da sabon shiga ya fi mantawa kuwa shi ne taka birki sau da yawa kafin motar ta motsa, har sai ya yi tauri. Wanda ya tsallake wannan, takawarsa ta farko ƙafa za ta nutse har ƙasa ba tare da motar ta tsaya ba.

Haka nan araha ba ta ado. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za a saya ko a Panteka ta Kaduna, a tafi da lambar kayan, a nemi na ainihi. Muna kira ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, da ta ƙara sa ido kan jabun kayan birki, ita kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta faɗaɗa wayar da kai a harsunan gida.

Shawararmu ga mai koyo ita ce: karon farko ya gayyato gogaggen bakanike ya tsaya a kansa, ya biya shi ladan koyarwa. Mai tambaya ba ya ɓata, kuma kuɗin da za a tsimi bai kai ran mutum guda ba. Allah Ya kiyaye mu da mugun ji da mugun gani.