Fitilar jinyar bushewar ido: a tambayi launin fata tukuna

A makon jiya na je Darna Sabon Gari da ke Illela domin duba wani baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya shafe fiye da shekara 30 yana fataucin shanu a kasuwar Lahadi. Na tarar da shi a zaure, idanu jajir, yana sharar hawaye da gefen rawani. Bayan mun gaisa ya miƙo mini wayar ɗansa ya ce: "Dakta, duba min wagga fitila. An ce haska ta aka yi ga ido, ciwo shi tai. In gaskiya ne, ga bijimi nan in saisuwa."

A gidanmu ba a bambance daktan asibiti da na karatu. Ni digirina na uku a kimiyyar haske ne, ban taɓa duba majinyaci ba. Sai dai wannan karon tambayar ta faɗo a gonata, domin na'urar da ke cikin bidiyon da haske take aiki.

Ciwon Baffa ba baƙo ba ne a yankinmu: raɗaɗi, ƙaiƙayi, jin kamar an zuba yashi a ido, da dishi-dishi da ke washewa idan aka ƙifta. Likitoci na kiransa bushewar ido. Mutum zai ce, idon da ke zubar da hawaye ina bushewa? Amsar tana cikin yadda Allah Ya tsara hawayen. Ba ruwa ne zalla ba. Akwai yauƙi da ke manna shi a ƙwayar ido, akwai ruwan, sannan a samansa akwai siririn maiƙo da ke hana shi ƙafewa, kamar murfi a bakin randa. Maiƙon yana fitowa daga wasu ƙananan tsirga da ke jere a gefen fatar ido, bayan gashi, kimanin 20 zuwa 40 a kowace fata. Wani likita Bajamushe, Heinrich Meibom, ya yi bayaninsu a 1666, shi ya sa suke ɗauke da sunansa. Idan suka toshe, maiƙon ya daskare kamar man shanu a hunturu, sai ruwan ya riƙa ƙafewa da wuri, ido ya ji zafi, ya kwararo da wani ruwan da ba ya zama. Ku haɗa wannan da iskar hunturu, da ƙurar kara, da hayaƙin itace, da kallon waya wanda ke rage ƙiftawa, za ku ga dalilin da ya sa daga Illela zuwa Ƙonni ake fama.

Ita na'urar, wadda ake kira IPL, asalinta ta likitocin fata ce. A 2002 wani likitan ido a Amurka, Rolando Toyos, ya lura cewa waɗanda aka yi wa jinyar jan fuska da ita suna samun sauƙin bushewar ido. A 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura mai suna OptiLight domin wannan ciwo. Ana rufe idanu da kariya, a shafa wani abu mai sanyi a fata, a riƙa walƙa haske mai ƙarfi a kumatu ƙarƙashin ido, daga wannan kunne zuwa wancan. Akan yi zama huɗu, da tazarar makonni tsakani. Ana ganin hasken yana ƙone ƙananan jijiyoyin jini masu haddasa kumburi, yana kuma taimaka wa maiƙon ya sake gudana. Ba a cewa an warke har abada. Da yawa sukan koma a maimaita musu. A 2020 ma ƙungiyar Cochrane mai tace binciken likitanci ta ce hujjojin da aka tara a lokacin ba su yi ƙarfi ba.

To, ga inda bidiyon ya yi shiru. Haske ba ya yin aiki sai an sha shi, kuma abu mai duhu ya fi sha. Duk wanda ya taɓa sa baƙar riga ya tsaya a ranar Afrilu a Sakkwato ya san wannan darasi ba tare da ya shiga aji ba. Wannan haske jan jini yake nema, amma sinadarin melanin da ke ba fatarmu duhu shi ma yana shan sa, kuma shi ne a sama. A farar fata hasken yakan ratsa ya isa jijiya. A baƙar fata, fatar ce ke tare shi ta mai da shi zafi. Sakamakon yana iya zama ƙuna, ko bororo, ko tabo fari ko baƙi a tsakiyar fuska. Likitocin fata suna da ma'aunin Fitzpatrick na 1975 da ya kasa fata gida shida. An fi amincewa da wannan jinya ga rukuni na 1 zuwa na 4. Ni da Baffa, da mafi yawan masu karanta wannan shafi, muna na 5 ko na 6.

Ban ce fasahar banza ce ba. Abin da nake cewa shi ne an auna rigar a jikin wasu, ba a namu ba. Akwai wani nau'in jan haske mai sauƙi da ake cewa ya dace da kowace fata, amma shi ma ana kan nazarinsa. Tsorona shi ne ranar da irin waɗannan na'urori za su cika shagunan gyaran fata a biranenmu, a hannun wanda bai san tambayar da ya kamata ya fara yi ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Ba duk jan ido ne bushewa ba. Yankinmu ya daɗe yana fama da amosanin ido, wanda ke barin tabo a cikin fatar ido har gashi ya juya yana gogar ƙwaya. Wannan ba fitila yake buƙata ba, ƙaramar tiyata ce. Sannan na tarar da kwalbar maganin ɗigawa a aljihun Baffa, wadda ya saya a wani kemis ba da takardar likita ba, wata uku yana ɗigawa. Mai sinadarin sitiroyid ce. Irinta tana kwantar da ja nan take, amma yawan amfani da ita yana iya jawo hawan jinin ido da yana, kuma ganin da hawan jinin ido ya ɗauke ba ya dawowa.

Na ce masa: "Baffa, bar bijiminka ya ci ciyawa. Mu je Sakkwato a duba ka." Muna da sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA a Kano. Matakin farko da likitoci ke ba mai wannan ciwo ba ya cin kuɗi: tsabtataccen ƙyalle a ruwan ɗumi a ɗora bisa rufaffun idanu na kamar minti 10 kullum, a ɗan matsa fatar a hankali, a goge gefenta; ɗigon hawayen kanti wanda likita ya rubuta; tabarau a kan babur da cikin kara; da nisantar kwalli na ɗan lokaci.

Baffa ya yi shiru, sannan ya ce: "Ashe ruwan ɗumi ne maganin, shi ne kuka yi ta karatu har Turai?" Muka yi dariya, amma ya yarda, ranar Talata zan ɗauko shi.

Ga wanda aka yi wa tayin wannan fitila, a gida ko a waje, ya yi tambaya uku kafin ya kwanta: an tabbatar toshewar maiƙo ce ke damuna? An taɓa yi wa mai irin fatata? Likitan ido ne zai yi? Wanda ya kasa amsawa, a ɗauki takalmi.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.