A Auna Kaza Kafin a Yabi Kwalba

A hutun ƙarshen shekara da ya wuce na tafi gida Mubi, na iske mahaifiyata zaune bakin akurki ta yi tagumi. A watan Satumba ta sayi 'yan tsaki 40 na kajin ƙwai, da nufin in sun fara saka ƙwai ta riƙa biyan kuɗin makarantar ƙanwata. Sa'ad da na isa, guda 9 kaɗai suka rage. Sauran sun yi ta zawo kore, wuyansu ya murɗe, suka mutu cikin kwana kaɗan.

Na ce, "Inna, an yi musu rigakafi kuwa?" Sai ta ɗauko mini wata 'yar kwalba mai ƙamshin kanumfari da tafarnuwa. Wani mutum ne ya sayar mata a kasuwa, ya ce man ganye ne irin wanda Turawa ke ba kajinsu, wai yana sa su girma da sauri, kuma wanda ya ke da shi ba ya bukatar likitan dabbobi. Babu suna a jikin kwalbar, babu lambar hukumar NAFDAC, babu bayanin yawan da za a zuba.

To, jama'a, ba na rubuta wannan don in zagi ganye ba ne. Mutumin nan ya haɗa gaskiya da ƙarya a kwalba ɗaya, kuma aikinmu ne mu da za mu zama malamai mu raba su.

Ga gefen gaskiya. A shekarar 1950 waɗansu masana biyu a Amurka, Thomas Jukes da Robert Stokstad, suka ba da labarin cewa in an sa ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta, watau antibayotik, cikin abincin 'yan tsaki, sai su fi girma. Masu kiwo a ƙasashe da yawa suka kama yin haka. Daga baya aka gane ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin, har ya zama in mutum ya kamu da su maganin ba ya ci. Ƙasar Suwidin ta hana wannan al'ada a 1986, Tarayyar Turai kuma ta hana ta gaba ɗaya tun daga 1 ga Janairu 2006. Wannan ne ya sa masu haɗa abincin kaji suka shiga neman abin da zai maye gurbinsa, suka juya ga itatuwa masu ƙamshi.

Yadda a ke samun man shi ne, a kan bi da tururi ta cikin ganye ko ɓawo ko fure, tururin ya kwaso ƙamshin, sa'an nan a sanyaya shi a kwashe man da ya rabu da ruwa. Haka a ke tatso man kanumfari da na kirfa da na citta, da na waɗansu ganyaye biyu na ƙasashen bakin Bahar Rum da a ke kira tayim da oregano. An tabbatar a ɗakin bincike cewa waɗannan suna kashe waɗansu ƙwayoyin cuta, kuma masana suna ganin suna taimaka wa hanjin kaza wajen narka abinci. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu sun daɗe suna jefa barkono ko ɓawon maɗaci cikin ruwan shan kaji.

Amma ga abin da mai kwalba bai faɗa ba. Na farko, gwaje-gwajen da aka yi ba su zo da baki ɗaya ba. A waɗansu kajin sun ɗan fi girma, a waɗansu kuwa ba a ga bambanci ba, musamman inda ɗaki ke da tsabta, abinci kuma ya cika. Na biyu, abin da a ke sawa ɗan ƙanƙane ne ƙwarai, bai kai giram 1 cikin kilo 1 na abinci ba. In ya yi yawa ƙamshin ya kan sa kaza ta rage ci. Na uku, man nan mai saurin tashi ne. Kwalbar da ta yini a rana kan tebur cikin zafin Maris da Afrilu na Mubi, wa ya san abin da ya rage cikinta? Na huɗu, kuma shi ne babba, cutar da ta kashe kajin Inna, wadda ta kan zo mana da hunturu, likitoci na kiranta Niyukasul. Irin ƙwayar da ke kawo ta ko antibayotik ba ya kashe ta, balle kanumfari. Abin da ke tare ta shi ne rigakafi, kuma a nan ƙasarmu a ke yinsa, a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke can tun 1924.

Akwai kuma wani kuskure da mu ke yi game da kalmar girma. Kazar ƙwai ba kazar yanka ba ce. Ɗan tsako ya kan fito da nauyin wajen giram 40, budurwar kaza irin jajayen nan kuwa a na so ta kai wajen kilo 1 da rabi a mako na 18, daga nan zuwa mako na 20 ta fara ƙwai. Abin nema shi ne ƙashi mai ƙarfi da jiki madaidaici, kuma garken duka su tashi kai ɗaya. Wadda ta yi kitse ba ta yin ƙwai da kyau, wadda ta tsumbure kuwa ta kan makara, ƙwanta ya zo ƙanana. Masara da waken soya ko tunkuza, da garin ƙashi, da ruwa mai tsabta, su ke gina wannan jiki. Ɗigon mai ba zai mai da dusa zalla abinci ba.

Na san wani zai ce, ai talaka ba shi da kuɗin likita, gara ganyen da ke kusa da shi. Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma a lissafa. Rigakafin kaza ɗaya bai kai kuɗin kazar ba, in maƙwabta sun haɗa kai sun sayi kwalba ɗaya sun raba kuwa sai ya ƙara sauƙi. Inna ta biya kuɗin man, ta biya abincin wata 3, sa'an nan ta binne kaji 31. Wanne ya fi tsada? Wani kuma zai ce, to a yi watsi da ganye ɗungum. Wannan ma ban yarda ba. Muna da zogale a bayan ko wane gida, ganyensa busasshe yana gina jiki, yana kuma sa gwaiduwa ta yi ja. Muna da citta da tafarnuwa da kanumfari a ko wace kasuwa. Idan akwai amfani cikinsu, asara ce mu jira sai an sayo mana daga waje.

Sabo da haka ga shawarata ga Shugaban Kwaleji da malaminmu na aikin gona. A sayi 'yan tsaki 60 a gonar kwaleji, a yi musu rigakafi duka a kan lokaci. A raba su gida biyu da ƙuri'a, 30 nan, 30 can, kada wani ya zaɓi manya ya kai gefen da ya ke so. Abinci iri ɗaya, ɗaki iri ɗaya, sai dai gida ɗaya a ƙara musu ganye ko mai gwargwadon awon da masana suka nuna. Jami'ar Jihar Adamawa tana nan Mubi, a na koyar da ilmin kiwon dabbobi cikinta, sai mu nemi shawararsu kan awon. Ko wace Asabar 'yan aji ɗaya su ɗora kajin kan sikeli, su rubuta nauyi, da abincin da aka ci, da waɗanda suka mutu, da ranar ƙwan fari. A ƙarshe a buga lissafin a waɗannan shafuffuka, ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba. Gwaji ɗaya ba zai yanke hukunci ba, don haka ajin da ke bayanmu su maimaita.

Tun muna makarantar mishan malaminmu na lissafi ya kan ce kada mu rubuta amsa sai mun nuna aikin da ya kai mu gare ta. Gobe za a rarraba mu ƙauyuka, Maiha, Michika, Hong da sauransu, inda malamin makaranta shi a kan kawo wa takarda ya karanta, shi kuma za a kawo wa kwalba a ce, "Malam, wannan na da kyau?" Wanda ya taɓa auna kaza da hannunsa zai san abin da zai tambayi mai sayarwa. Hausawa sun ce sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Kajin Inna 9 da suka tsira sun fara ƙwai yanzu. Ta ce za ta sake sayen 'yan tsaki, ni kuwa na yi mata alkawarin zan rubuta mata ranakun rigakafi a jikin ƙofar akurki. Allah ya ba mu sa'a, amin.